Shaukat Mai Lasifika da Farautar Tari

Parwin ce ta fara ba ni labarin nan, maƙwabciyata da muke katanga ɗaya, ranar da na dawo Multan daga Bahawalpur inda na je zaman jegon autata. Ban ko sauke jaka ba ta tare ni a bakin lungu, ta ce in zauna tukuna, abin da ɗana ya aikata ba a jin sa a tsaye. Na zauna a dakalinta. Abin da ta tsallake na ciko daga baya a bakin jikata, gishirin da ta ƙara kuma na kakkaɓe iya wanda na gane.

Shaukat ni na haife shi, ba ni da inda zan kai shi. Ya haura hamsin, ga tumbi, ga gashin baki da yake rinawa da lalle, zuciyarsa fes kamar ta jariri, amma bakinsa Allah bai yi masa murfi ba. Sana'arsa ba da hayar lasifika a gidajen biki da wuraren taro. Tun yana saurayi bai taɓa riƙe abin magana ba sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, "Halo, halo, Shaukat ke magana." Ranar da likita ya ɗora masa abin awon ƙirji, sunkuyawa ya yi ya faɗa a ciki. Likitan bai sake yarda ya duba shi ba.

Nimra kuwa ɗiyar babbar 'yata ce, a hannuna ta tashi tun da ciwon ƙirji ya ɗauke ubanta. Tari ya yi ta yi ana cewa sanyi ne, da aka je asibiti an makara. Yarinyar ta yi karatun kwamfuta, ta kama aiki a jami'a ƙarƙashin wata Farfesa Rukhsana, likitar ƙirji. Abin da suke ginawa na'ura ce irin wadda ake cewa tana da ƙirƙirarriyar basira. Yadda ta fahimtar da ni, kamar aku ce: a sa ta saurari tarin marasa lafiya da yawa, da na masu lafiya da yawa, har ta iya bambancewa. In ta iya, mutumin ƙauye sai ya yi tari a waya kawai, a ce masa ya kwantar da hankali ko ya nufi asibiti. Farfesa tana da gurbi ɗaya tak na karatun digirin dakta a shekarar, kuma wannan aikin ne zai nuna ko Nimra za ta samu ko za a ba wani.

Tarin marasa lafiya ba wuya, asibiti cike yake da shi, kullum Nimra tana can tana naɗa a wani ɗaki shiru. Na masu lafiya ne ya gagara. Ta faɗi haka wajen cin abinci, kawunta Shaukat, wanda take kira Mamu, ya aje cokali. Ya ce harkar sauti ai gidansa aka zo, tun kafin farfesoshin nan su san inda ake soka waya yake cikinta. Ya tambaya ko ana sa sunan mutum a takardar da ake bugawa. Ta ce akan gode wa waɗanda suka taimaka, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ya ce ƙasa ta masu kawo kaɗan ce, shi tari dubu zai kawo, sai a san inda za a aje shi.

"Mamu, abu uku ne kawai," in ji Nimra. "Ka danna nan, ka yi shiru, mutum ya yi tari."

Suka gwada nan take a kan Shamim, matarsa. Shaukat ya danna, ya yi shiru, Shamim ta yi tari. Nimra ta saurara, ya fito tas, ta miƙa masa wayar da kwanciyar hankali. Abin da ba ta lura ba, a lokacin bakinsa cike yake da gurasa da miyar wake.

Kafin ya naɗi tari ko ɗaya ya kira mai fenti. Allon shagonsa da ke cewa Shaukat Mai Lasifika aka ƙara masa a ƙasa: da Binciken Kimiyya.

Ya fara da Munir mai shayi. Munir ya ce in aka ji ya yi tari a wayar asibiti, wa zai ƙara shan shayinsa? Ya je wurin tela, tela ya ce yana da 'yan mata uku a gida ba a zo neman ko ɗaya ba tukuna, ya rufe ƙofa har da sakata. Mazan da suka yarda kuma ba su iya komai ba sai gyaran muryar da namiji ke yi in zai shiga gida. A wata ƙofa wani dattijo ya yi ta sau uku, matan gidan suka yi ta guje-gujen neman mayafi, da suka leƙo suka ga Shaukat ne da waya, sai suka sako ruwan wanke-wanke daga bene.

Washegari ya sayo garin taba. Ya ce hanci da maƙogwaro maƙwabta ne, in aka taɓa ɗaya ɗayan zai amsa. Ya gwada a kan Billu ɗan kokawa, ƙaton unguwarmu, wanda yake shan madarar ɓauna da bokiti. Billu ya shaƙa, ya yi atishawar da ta tunkuɗe wayar cikin tukunyar madarar Munir. Aka tsamo ta, aka shanya a rana, ta tashi. Nimra ta ce atishawa ba ta da amfani.

Daga ranar Munir ba ya ganinsa sai ya ɗaga murya kamar mai gaida babban likita. "Dakta Sahib, yau me aka gano?"

"An gano shayinka ruwan wanki ne. Ana jiran a buga a takarda."

"To a gode mini can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe."

Wannan maganar ta ci Shaukat. Ya kwana biyu yana murza gashin baki, sai dabara ta faɗo masa yana kallon Shamim tana cire wa jikansu mugun ido. Kowa ya san yadda muke yi: a zagaya kan mutum da busasshen barkono, a jefa a garwashi. In hayaƙin ya shaƙe mutane aka yi tari, babu komai a jikinka. In ya ƙone shiru ba wanda ya yi tari, to ido ya kama ka, barkonon ne ya cinye shi. Shaukat ya ce ga tari nan kyauta, ba kunya ba tsoron asibiti. Ya ɗaura lasifika a kan riksho, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya zagaye unguwa yana shelar cewa ran Juma'a bayan la'asar za a cire wa kowa mugun ido a ƙofar shagonsa, sadaka.

Mata suka cika lungu. Amma ɗana namiji ne, bai yi lissafin abu ɗaya ba. Yin tari a wurin nan shaida ce a gaban jama'a cewa ba ki da abin da za a yi miki hassada a kai. Parwin tana sanye da awarwaron gwal da ɗanta ya aiko daga Dubai. Shamim kuma ba ta daɗe da yin firji ba. Aka jefa barkono, hayaƙi ya tashi, Shaukat ya miƙa waya. Shiru. Mata sun dafe ƙirji, jijiyar wuya ta fito, hawaye na zuba, ba wadda ta ce uffan. Parwin da bakinta ta gaya mini gara a ɗauki gawarta da ta yi tari kafin Shamim.

"Baji Parwin, idonki na ruwa," in ji Shamim, da muryar wadda aka shaƙe. Baji muke ce wa yaya mace.

"Tausayin firjinki nake ji. An ce na hannu ne."

Shaukat ya ƙara barkono. Shiru. Ya sake ƙarawa. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa tana cewa ita dai ta san tun da ta sa haƙoran roba ake binta da ido. Ransa ya ɓaci. Ya shiga gida ya ɗauko buhun barkonon da Shamim ta shanya na shekara guda, ya juye a rabin duro mai garwashi, ya jawo babbar fankar da yake kaiwa gidan biki ya kunna.

Parwin ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Hayaƙi ya shiga lungu kamar an tura shi da sanda. Masu gwal da marasa gwal, tela da 'yan matansa uku, Billu, masu wucewa a babur da ba su san me ake ba, kowa ya durƙusa yana tari kamar zai amayar da hanji. Tantabarun saman bene suka yi ƙaura. Akuyar Munir ta yi tari irin na mutum. Shi kuwa Shaukat ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen tawul, ya bar baki a buɗe, yana tsalle daga wannan zuwa wancan da waya a hannu. "Halo, halo, Shaukat ke magana. Madalla, Baji, daga ƙirji. Ƙaro ɗaya. Haka nake so." Har akuyar bai bari ba. Mako guda lungun yana ƙauri, kayan amaryar da tela ke ɗinkawa suka sa amarya kuka tun kafin ranar kuka, Shamim kuma ta koma yi masa girki lami, ta ce barkono ya tafi kimiyya.

Amma tari kam ya kawo. Lokaci ya riga ya ƙure wa Nimra, ta zuba su duka a na'ura tare da na asibiti. Da ta gwada, na'urar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Maimakon murna sai tsoro ya kama ta. Ta ce ko Farfesa da kunnenta takan yi kuskure, ta yaya abin da aka haifa jiya zai fi ta? Ta kira Farfesa ta ce a ba ta 'yan kwanaki ta zauna ta saurari abin da aka naɗo ɗaya bayan ɗaya. Ta roƙi kawunta kada ya faɗa wa kowa.

Da safe ya sa kwat ɗin aurensa, wadda maɓallanta suka daina gaisawa da ramukansu, ya sayi gwangwanin alewar sohan, ya tafi jami'a. Ya zauna a ƙofar ofishin Farfesa yana gaya wa duk mai wucewa cewa shi da ɗiyar 'yar'uwarsa sun gama da tarin fuka. Farfesa ta fito don a samu a yi aiki. Ta ce dama tana so ta ga na'urar a cikin mutane, za ta zo unguwa ran Asabar. Nimra ta ji labarin ne a lasifikar riksho, tana dawowa daga asibiti.

Ran Asabar, wato ranar da na dawo, ya kafa rumfar biki, ya jera kujeru, ya ɗora lasifika a kan benaye uku. Ya jona kwamfutar Nimra da kayansa don kowa ya ji hukuncin na'ura, dama yarinyar ta koya mata magana da yarenmu, da muryar mace mai sanyi. Farfesa ta iso, 'yar ƙaramar mata mai furfura da tabarau. Ya rataya mata furanni har sai da ta ɗaga haɓa kafin ta ga hanya. Shi ma ya rataya wa kansa.

Parwin ce ta farko, don a ga awarwaro. Shaukat ya riƙe wayar a bakinta yana yi wa jama'a bayani, ta yi tari, na'ura ta ce daga saman benaye uku, "Lafiya lau." Aka tafa. Tela ya turo 'yan matansa, duk lafiya lau, ya ce a maimaita ta ukun da ƙarfi don gidan su wane su ji.

Sai Baba Ramzan ya taso da sandarsa. Tsohon ma'aikacin gidan gurzar auduga ne, duk unguwa ta san ƙirjinsa ya lalace, Farfesa da kanta ke ba shi magani. Nimra ta miƙe za ta yi magana, kawunta ya ɗaga mata hannu. "Halo, halo, Shaukat ke magana. Jama'a, yanzu za ku ga aiki. Baba, sako shi." Baba Ramzan ya yi tarin nan nasa mai kama da jan gado a kan siminti.

"Lafiya lau," in ji na'ura.

Tsoho ya yar da sanda. Ya ce dama ya faɗa wa 'ya'yansa sharrin likitoci ne, a kawo masa lofensa da aka ɓoye. Farfesa ta cire igiyar furanni ɗaya ta aje a cinya.

Shaukat ya ga fuskarta, ya ɗauka yunwa ce. Ya buɗe gwangwanin alewa ya miƙa mata, ta ƙi, sai ya gutsuri babba ya cusa a bakinsa don ya nuna mata ba guba. Wanda ya san alewar sohan ta Multan ya san in ta kama haƙori sai ta ga dama. Daidai lokacin Billu ya iso gaban waya, ƙirji a waje, yana da kokawa mako mai zuwa. Shaukat ya danna, yana ta fama da muƙamuƙi. Billu ya yi tari.

"A garzaya asibiti," in ji na'ura, benaye uku suka amsa.

Uwar Billu ta ɗora hannu a ka. Wani daga baya ya ce shi dama ya ga yaron yana ramewa. Billu ya cakumi kwat ɗin auren, maɓallan da suka rage suka yi nasu wuri, ya ɗaga ɗana sama yana tambayarsa wa ya biya shi ya ɓata masa suna kafin kokawa. Shaukat yana so ya yi bayani, alewa ta hana.

Farfesa ta miƙe, ta ce a sauke shi tana da aiki da shi. Ta jira ya haɗiye. Ta ce Billu ya sake tari, Shaukat kuma ya yi magana. Lafiya lau. Ta ce Shaukat ya rufe baki, ta yi tari da kanta. A garzaya asibiti. Ta sa aka jawo akuyar Munir, Shaukat ya yi mata halo halo, akuya lafiya lau. Daga ƙarshe ta aje wayar a kan kujera ba kowa, ta ce, "Shaukat Sahib, bismillah."

"Halo, halo," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Kujera ma lafiya lau.

Farfesa ta juya ga jama'a ta yi bayani a taƙaice. Duk tarin asibiti an naɗe shi ne a shiru, duk na masu lafiya kuma da muryar mutum ɗaya a kai. Na'urar ta bi hanya mai sauƙi, ba ta koyi ciwo ba, Shaukat ta koya. Ta ce wa Baba Ramzan ya ɗauki sandarsa, kuma in ta ji ya taɓa lofe za ta zo har gida.

Lungu ya kece da dariya. Munir ya ce a rufe asibitoci, a ɗora Dakta Sahib a riksho ya riƙa zagaya gari. Wata ta ce ya zo ya yi wa surukarta halo halo, gwiwa ke damunta. Shamim ta ce ita shekara talatin tana jin muryar nan ba ta ga lafiyar da ta ƙara ba.

Nimra kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana tsaye bayan kwamfuta. Parwin ta matsa kusa da sunan gyara mayafi, ta ji abin da Farfesa ta ce mata. Ta ce abin kunya ne mai bincike ta zuba wa na'ura abin da ba ta saurara ba, kuma da Baba Ramzan a ƙauye yake shi kaɗai da waya, da na'urar ta kashe shi. Nimra ta sunkuyar da kai. Sannan Farfesa ta ce abu ɗaya ya cece ta: da sakamako ya yi kyau fiye da kima, tsoro ta ji, ta kira. Za ta riƙe gurbin har ƙarshen lokacin mangwaro. A sake tattara tarin masu lafiya daga farko, a ɗaki shiru. In bai samu ba, akwai mai jira. Kuskuren nan kuma su biyu za su rubuta shi a buga, don ramin da suka faɗa akwai masu bincike da yawa da ke tafe a kansa.

Shaukat yana tsintar maɓallai, kunnensa ya kama kalmar bugawa. Ya miƙe ya tambaya ko sunansa zai fito.

"Ba ma sa suna a irin wannan. Za mu ce wani mutum da ya kasa yin shiru."

"A sama ko a ƙasa?"

"A tsakiya. Kai ne dukan takardar."

Ya dubi Munir ya gyara gashin baki. Ya ce duk Multan ta san ko wane ne wannan, a kira masa mai fenti.

Nan Parwin ta tsaya, na ɗauki jakata na shiga gida. Na samu Nimra a saman bene ba ta ci komai ba tun safe. Ta ce ba gurbin ne ya fi damunta ba, Baba Ramzan ne da ya yar da sanda, sai ta ga kamar ubanta. Ta ce kuma bayan barkono wa zai ƙara yi mata tari a unguwar nan? Na soya mata ƙwai na tsaya a kanta ta cinye.

Washegari da safe na share ɗakina, na rufe tagogi. Na aika gida-gida cewa ni ce nake kira, ba asibiti ba, kuma wadda ta ƙi zuwa ta tuna ni ce na yi mata wankan jego. Na sa aka kira mini Shaukat. Ya zo yana cewa a matsayinsa na wanda aka buga a takarda yana da shawarwari. Na zaunar da shi a kusurwa, na buɗe gwangwanin alewar da ya rage, na cika masa baki da hannuna kamar yadda nake yi masa yana ɗan shekara biyar, na riƙe sauran a cinyata don ko ta narke. Na ce wa Nimra ta danna.

Tarin farko a sabon aikin nawa ne. Wanda ya saurara da kyau zai ji shiru a bayansa. Wannan shirun na ɗana ne, kuma shi ne babban abin da ya taɓa ba kimiyya.